Ranar da Na Kwantar da Surukina a Ƙasa

A ɗakin baya na shagona da ke unguwar Erdington a birnin Birmingham akwai wata bindigar katako da aka shafa wa fenti ruwan lemo, da wani tsohon kafet mai kauri shimfiɗe a ƙasa. Duk matashin da ya zo koyon aiki a wurina sai ya leƙa ɗakin ya yi dariya, ya ce, “Uncle, wannan kuma fa? Toy ne?” Ba na ba su amsa a ranar farko. Ina barinsu su gama nuna mini abin da suka iya da na'ura, su gama gaya mini wai yanzu mutum yana kwance a gadonsa zai ɗauki hoton fuskarsa da waya, a aiko masa da tabarau har ƙofar gida. Gaskiya ne, ana aikowa. Ni ne kuma nake gyarawa bayan sati biyu, idan mai shi ya gaji da ciwon kai.

Sunana Sani, daga Fagge nake a Kano, kuma shekarata ashirin da bakwai ina haɗa wa mutane tabarau. Ni ba likitan ido ba ne. Mai gwajin ido yana da nasa ɗakin, shi yake rubuta lambobi a takarda, ni kuma nake mayar da lambobin su zama gilashin da zai zauna a kan hancin mutum ya yi masa amfani. Yawancin aikina na tsofaffin mata ne masu son karanta saƙon jikoki, da yaran da suke zama a kan firam ɗinsu su ce haka suka tarar da shi. Amma abin da yake sa mutane su taso daga nesa su zo wannan ɗan shagon shi ne aikin maharba. Ba maharban daji nake nufi ba. 'Yan kulob ne masu lasin, suna kwanciya ruf da ciki da doguwar bindiga mai ƙaramin harsashi, su harbi baƙin ɗigo a jikin kati. Yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya, masu gyaran famfo da tsofaffin malamai, kuma dukkansu da kuka ɗaya suke shigowa, wai ido ya fara cin amanarsu.

Wanda ya koya mini wannan ɓangaren shi ne mai shagon na asali, Mista Pritchard. Mahaifinsa mai sassaƙa ƙotar bindiga ne a maƙerun Birmingham, don haka ya tashi da ƙanshin man bindiga a hanci kafin ya san gilashi. Mutum ne marar yawan magana, ko gaisuwar safe sai ka yi sa'a. Kayan aikinsa ba su da yawa: 'yar rula ta milimita, alƙalamin maka mai tsinin baki, filaya kala shida, da akwatin gilasan gwaji wanda ya girme ni. Sai bindigar katakon nan. Ƙotarta ta gaske ce, saitinta na gaba da na baya duk na gaske ne, amma bututun daga sandar mofa ya yanko shi. A zamaninsa baƙa ce wuluk. Da shagon ya dawo hannuna na yi mata wannan fentin, domin shi Bature ne mai furfura, ni kuwa baƙar fata ne mai gemu da sunan farko Muhammadu, ban ga dalilin da zai sa in tayar wa maƙwabta da hankali ba.

Maharbin farko da na auna wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Ya shigo da tabarau irin mai hawa-hawan nan, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu, yana ƙorafi wai saitin gaba yana zamar masa biyu. Na zaunar da shi a kujera, na sa ya dubi hancina, na ɗiga maka a kan gilashin daidai ƙwayar idonsa, tsaf kamar yadda aka koya mana a makaranta. Ina jin kaina sosai. Pritchard ya zo ya dubi ɗigon, ya sa babban yatsa ya goge shi, ya ce mini, “A kujera yake harbi?” Ya kai mutumin ɗakin baya, ya sa shi kwanciya a kafet, ya miƙa masa bindigar katako. Sannan ya nuna mini ƙasa. Na ɗauka wasa yake yi. Ba wasa ba ne. Da rigata fara da laktaye na kwanta ruf da ciki a gaban bakin bindigar, fuskata na kallon fuskar mutumin. A nan na ga abin da kujera ba za ta taɓa nuna mini ba. Da ya ɗora kuncinsa a ƙota, kansa ya sunkuya ya karkace, idonsa ya bar tsakiyar gilashin gaba ɗaya ya koma can sama, kusurwar da take kusa da hanci.

Abin da nake so ku gane ke nan, ku masu cewa sana'ar nan danna maɓalli ce. Kowane gilashi yana da cibiya, wurin da gani ya fi fita tsab. Duk lokacin da ido ya kauce mata, abu zai fara dishi-dishi, da'ira ta koma kamar ƙwai. Mai tafiya a titi ta tsakiya yake kallo, don haka a tsakiya ake sa masa cibiya. Maharbi kuwa ta kusurwa yake kallo, kuma kusurwar kowa daban take, gwargwadon tsawon wuyansa, da faɗin kuncinsa, da yadda yake rungumar bindigarsa. Babu na'urar da za ta gaya maka wannan. Sai ka kwanta, ka dubi mutum cikin ido daga tazarar kamu biyu, ka jira ya saki jiki, sannan ka ɗiga.

Sai kuma zancen tsufa. Maharbi abu uku yake haɗawa a layi ɗaya: ɗan ramin saitin baya da yake leƙawa, zoben saitin gaba a bakin bindiga, da baƙin ɗigon da yake can nesa. Idon yaro yana tsalle a tsakaninsu da sauri har ya ɗauka duka yake gani a lokaci guda. Da mutum ya haura arba'in da biyar sai tsallen ya fara gagara. Dole a zaɓi ɗaya, kuma wanda ake zaɓa shi ne saitin gaba. Babu dattijon da ya taɓa yarda da wannan a karon farko. Kowa roƙona yake in fito masa da ɗigon tsab. Nakan ce masa ɗigon ba ya motsi, yana nan inda aka manna shi, bindigarka ce take rawa, ita za ka sa wa ido. Mu je wurin mai gwaji a ƙara ɗan ƙarfi kaɗan a kan lambarsa ta nesa, zoben ya fito kamar an zana da biro, ɗigon ya ɗan yi laushi. Sai ya tafi yana gunaguni, bayan wata ɗaya ya aiko mini da abokinsa.

Wasu ma ba tabarau suke buƙata ba. Tsohon ido haske yake nema, don haka sau da yawa nakan ce mutum ya ɗan buɗe ramin saitin baya, ya kuma sa zobe mai faɗi a gaba, yadda farin katin zai zagaye baƙin ɗigon sosai. Akwai kuma lokacin da gaskiya ita ce ya koma saiti mai madubin hangen nesa, ya shiga ajin masu harbi da shi, ba abin kunya ba ne. Wani mai gyaran rufi ya taɓa mayar wa dillali saiti mai jan ɗigo har guda uku, wai duk lalatattu ne, ɗigon yana fitowa da jela. Na sa shi ya ɗauki hoton ɗigon da wayarsa. A hoto ya fito zagayayye tsaf. Jelar a idonsa take, ba a saitin ba. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya tambaye ni ko ina ganin ya kamata ya ba dillalin haƙuri.

Ina shekara ta uku a shagon wani dogon mutum ya shigo, baƙi, da jaket ɗin direban bas. Yana jiran Pritchard ya cire tabaraunsa yana murza ido, sai na ji ya ce a hankali, “Kai, wannan ido.” Da Hausa. Na kusa sakin filayar da ke hannuna. Na ce, “Sannu da zuwa, Baba.” Ya juyo da sauri kamar an kira sunansa. Alhaji Isiyaka ke nan, mutumin zangon Kumasi, tsohon soja ne a Gana, a can ya koyi harbi. Ya zo ƙasar nan ya kama tuƙin bas a Manchester, sama da ƙasa a Oxford Road yana kwasar ɗalibai, gidansa kuma a Withington. Talata da Asabar yana kulob. Daga wannan gaisuwar ya gayyace ni cin abincin Sallah, a can na ga 'yarsa Rabi, kafin shekara biyu ya ɗaura mana aure. Yanzu 'ya'yanmu uku, dukkansu da Turancin Birmingham a bakinsu.

To, daga ranar da ya zama surukina, aikin ya gagare ni a kansa. Ku da aka haifa a nan ba lallai ku gane ba. Ni an tashe ni a gidan da ba a kallon babba cikin ido, balle suruki. Idan ya shigo sai in durƙusa in gaishe shi, idona a kan takalminsa. Ta yaya zan ce wa mahaifin matata ya kwanta a ƙasa, in matso da fuskata kusa da tasa, in ce masa ya ɗaga kai, ya daina motsi? Ɗaruruwan Turawa na yi wa haka, har tsawa nake yi musu idan suka cika surutu. Amma duk lokacin da Baba ya zo sabunta tabarau, sai in tuna ina da saƙo a gidan waya. Pritchard ne yake kwanciya da shi. Ya lura kuwa, don wata rana bayan Baba ya tafi ya ce mini, “Wata rana ba na nan.” Na yi dariya na ci gaba da goge gilashi.

Shekarar da ta biyo bayan kullen annoba ita ce mummunar shekarata a sana'a. Pritchard ya riga ya bar mini shagon, amma yana zuwa duk Alhamis saboda maharba. A cikin kullen ya rasu, ko jana'izarsa ban samu zuwa ba. Da aka buɗe kulob-kulob rabin dattawana ba su dawo ba, wasu sun rasu, wasu sun saba da zaman gida. Waɗanda suka dawo kuma idanunsu sun canza, ga takunkumi yana tura tururi a gilashi, ina ɗiga maka tana narkewa. A wannan tsakanin Hajiya, matar Baba, ita ma ta rasu. Baba ya riga ya yi ritaya daga tuƙin bas, gidan ya yi masa faɗi. Rabi ta yi ta roƙonsa ya dawo wurinmu, ya ce a'a, yana da Talata da Asabar. Kulob ɗin nan ne yake fitar da shi daga gida, shi yake sa ya yi aski ya goge riga. Yana da shekara saba'in da huɗu, kuma har lokacin yana cikin mutum biyar da suke wakiltar kulob ɗinsu a gasa.

Sai ya zauna a kan tabaraunsa na harbi, ya karye gida biyu. Ya hawo jirgin ƙasa ya zo Erdington. Mai gwajin ido ya duba shi ya rubuta sabuwar lamba, aka miƙo mini takarda. Na zaunar da Baba a kujera mafi kyau, na kawo shayi, na ɗora masa sabon firam a hanci ina kallon hularsa. Sannan na buɗe durowa na ciro tsohon katin Pritchard, inda ya rubuta da hannunsa milimita nawa za a matsar da cibiya sama, nawa wajen hanci. Na ce a raina ai ga awo nan, na gwani ma kuwa. Na kwafe.

Baba ya dubi ƙofar ɗakin baya ya ce, “Malam Sani, ba za mu shiga ciki ba?”

Na ce, “A'a Baba, ai muna da awonka tuntuni. Kada ka wahalar da gwiwarka.”

Ya ce, “To, madalla.” Na ga kamar shi ma ya ji daɗi, ko kuma haka na gaya wa kaina. Ban tsaya na duba kwanan watan katin ba. Ya kai shekara tara.

Wata takwas ya yi da tabaraun nan bai ce mini uffan ba. Idan na tambaya a waya sai ya ce, “Lafiya lau, Allah ya yi albarka.” A wurin Rabi nake jin sauran labarin guntu-guntu. Makinsa ya faɗi. An cire shi daga cikin mutum biyar, an sa wani. Ya fara tsallake Talata. Ya je wurin GP, likitan unguwarsu, aka tura shi asibitin ido, suka ce akwai 'yar yana da ta fara amma ba ta kai ta dami gani ba, idonsa ya fi na sa'anninsa. Bai yarda ba, ya ce wa Rabi likita bai taɓa kwanciya a bayan bindiga ba. Ni kuwa da nake da amsar a cikin durowata, na bi sahun kowa ina cewa tsufa ne, sai haƙuri. Sai wata rana ta ajiye waya ta ce mini, “Daddy ya ce ba zai yi renewing certificate ɗinsa ba. Asabar mai zuwa zai kai wa dealer bindigar.” A ƙasar nan idan ka miƙa wa dillali bindiga ka bar lasin ya mutu a wannan shekarun, ba dawowa ake yi ba. Ta ce, “Idan ya bar club ɗin nan, Sani, ban san me zai riƙa tashi yi da safe ba.”

Ranar Lahadi muka je Withington cin abincin rana. Bayan la'asar ya shiga ɗaki ya fito da ɗan akwatin tabarau ya ajiye a gabana. Ya ce, “Ka ba wani mai buƙata. Aikinka mai kyau ne, idon ne ya ƙare.” Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Sai da muka shiga mota na buɗe. A ƙarƙashin gadar firam ɗin, wurin da yake zama a kan hanci, an manna filasta, an sake manna wata a kanta, har hawa biyar, ta yi baƙi saboda gumi. A saman gilashin dama kuma, daf da bakin firam, akwai wani wuri da ya dushe saboda yawan gogewa. Na daɗe ban tayar da motar ba. Rabi ta ce, “Lafiya?” Na ce ba lafiya ba.

Duk wanda ya yi shekara biyu a sana'ar nan zai karanta wannan filastar kamar wasiƙa. Wata takwas dattijon nan yana ƙoƙarin ɗaga tabaraun sama da kansa, don idonsa ta can saman yake leƙe, ta gefen da babu gani mai kyau, wani lokaci ma ta kan firam ɗin gaba ɗaya. A cikin shekara tara wuyansa ya sandare, ba ya iya ɗaga kai a kwance kamar da. Ga shi sabon firam ɗin ya fi tsohon sauka a hanci. Ba ido kaɗai yake tsufa ba, wuya ma yana yi, kafaɗa ma tana yi, kuma na san haka, ina koyar da shi ma. Ni na ji kunyar kwantar da shi, shi kuma ya ji kunyar ya ce aikin mijin 'yarsa bai yi ba. Ya gwammace ya ɗora wa idonsa laifi ya rabu da bindigarsa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, kuma ba irin kunyar da nake taƙama da ita ba ce.

Ranar Laraba na rufe shago da azahar. Na kwance bindigar katako gida biyu na sa a jakar wasanni, na ɗauki akwatin gwaji, da wani firam na maharba mai gilashi ɗaya zagayayye a kan ɗan ƙarfe, wanda ake iya ɗagawa, a sauke, a karkata yadda ake so. Na ce Rabi ta zo mu je. Ta ce, “A'a. Idan ina wurin ba zai kwanta ba, kai ma ba za ka iya ba. Just go.” Duk tsawon hanyar Manchester ina haɗa jawabi a raina, ina isa ƙofar gidan ya watse.

Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce, “Baba, na zo neman gafara. Idonka bai ƙare ba. Ni ne ban auna ka ba, tsohon awo na kwafa.”

Ya ce, “Haba Malam Sani, ba komai. Abin ya wuce. Na riga na yi wa dealer magana.”

Na ce, “Baba, minti goma kawai.”

Ya ce, “Ka taso tun daga Birmingham, bari in ɗora maka shayi.”

Na ga idan na bar shi ya shiga kicin, shayi za mu sha mu yi hirar Kumasi in koma gida da jakata. Na matsar da teburin falo gefe, na haɗa bindigar na ajiye a kafet, na manna takarda mai ɗan baƙin ɗigo a ƙarshen barandar gidan. Sannan na cire jaket ɗina na kwanta ruf da ciki a tsakiyar falon surukina.

Ya ce, “Subhanallahi! Tashi mana, mene ne haka?”

Na ce, “Baba, a nan nake aiki. Ba zan tashi ba sai ka sauko.”

Ya tsaya a kaina, ina ganin silifas ɗinsa kawai. Na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Sannan ya dafa kujera, gwiwa ɗaya ta sauka, ɗayar ta biyo, yana nishi yana ambaton Allah. Amma da cikinsa ya taɓa ƙasa, hannunsa ya kama ƙota, sai tsohon ya ɓace. Gwiwar hannu ta tafi inda ta saba, ƙafa ta buɗe, kunci ya sauka a katako. Na matso na sa masa firam ɗin, na ɗaga kaina na dubi idonsa. Kusan shekara ashirin ina auren 'yarsa, ranar na san idonsa ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne mai haske, da wani siririn zobe ruwan toka a gefe. Shi ma yana kallona. Babu wanda ya mutu a cikinmu.

Na ce, “Saki wuyanka, Baba. Kada ka taimake ni. Yadda kake yi a kulob.” Kansa ya sauka, idon ya haura. Na ɗaga gilashin ya bi shi, na sake ɗagawa, na karkata shi ya fuskanci saiti, na ɗaure. Wurin da cibiya ta tsaya ya fi awon Pritchard sama da kusan faɗin ɗan yatsa. Na mirgina gefe na ba shi hanya. Na ce, “Dubi zoben gaba.”

Ya duba. Na ga numfashinsa ya canza, ya ja, ya saki rabi, ya riƙe. Yatsansa ya lanƙwashe a wurin da kunama ya kamata ta kasance, ko da yake katakon ba shi da ita. Can ya ce a hankali, “Af. Ga shi nan.” Ya sake cewa, “Ga shi nan, yana nan ashe.” Muka ci gaba da kwanciya mu biyu kamar yara masu kallon tururuwa. Daga baya ya ce, ba tare da ya ɗauke ido daga saitin ba, “Sajan ɗin da ya koya mini harbi da takalmi yake gyara mini ƙafa. Ban mutu ba. Kai kuma da ladabi ka kusa raba ni da bindigata.” Na ce, “Na tuba, Baba.” Ya ce, “Ni ma da na buɗe baki. To, yanzu wa zai tayar da wani?” Da ƙyar muka tashi, kowa ya dafa ɗan'uwansa.

Na bar masa firam ɗin, na kuma ce ya gwada zobe mai ɗan faɗi a gaba. Bai yi mini alkawarin komai ba. Katako a falo daban, harsashi a kulob daban, na san wannan. Ranar Asabar ina shago ina gyara wa wata tsohuwa hannun tabarau, na lanƙwasa shi sau uku ba daidai ba, har ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Wajen ƙarfe uku waya ta yi ƙara.

Ya ce, “Malam Sani, na je wurin dealer ɗin.”

Na ajiye filayar. Na ce, “To, Baba.”

Ya bar ni na ɗan soyu, sannan ya ce, “Harsashi na sayo. Na safe ya ƙare, kati huɗu na harba. Wancan da suka sa a wurina ya fara neman inda zai zauna.”

Na zauna a kan kujerar masu jira na sauke wata ajiyar zuciya da na yi kwana shida ina riƙe da ita. Tsohuwar ta miƙo mini alewa daga jakarta. Na kira Rabi, ta yi kuka ta yi dariya, ta ce dama ta san mu biyun ne matsalar, ba ido ba.

Tsohon firam ɗin mai filasta hawa biyar yana nan a durowata tare da katin Pritchard, kuma shi nake nuna wa duk wanda ya ce mini akwai awo a fayil. Ba na aunawa daga fayil, ko na wane ne. Limami ya taɓa kwanciya a kafet ɗin nan, tsohon alƙali ma ya kwanta, ni kuma ina gabansu da farar rigata. Baba ya sabunta lasinsa, an cire masa yanar daga baya, ya koma cikin mutum biyar ya sake fita, yanzu yana ta tunanin ko ya koma saiti mai madubi, muna ta gardama a kai. Duk shekara yana hawo jirgi ya zo Erdington. Har yanzu ina durƙusawa in gaishe shi a bakin ƙofa, idona a kan takalminsa. Shi kuwa ba ya ko kallon kujera. Yana wucewa ɗakin baya, in ji nishinsa yana sauka ƙasa, sannan ya ɗaga murya yadda duk shagon zai ji: “Malam Sani, na kwanta. Zo ka kalle ni.”